Yadda ake haɗa tubalan rubuta manhaja su zama gini guda

Akwai matakin da yawancin masu koyon rubuta manhaja ke maƙalewa a kansa. Mutum ya san bariyabul, ya san `if` da `else`, ya iya zagayen `for`, ya taɓa rubuta fankshin da `def`. In aka tambaye shi ɗaya daga cikin waɗannan, kafin minti biyar ya amsa. Amma a ce masa ya rubuta manhajar da mai shago zai riƙa rubuta bashi a cikinta, sai ya buɗe fayil ya zuba wa allo ido. Dalilin kuwa a fili yake. Darussan farko kowane tubali shi kaɗai suke koyarwa, alhali wahalar manhaja a mahaɗa take: inda abin da mutum ya buga ke shiga lissafi, inda lissafi ke shiga fayil, inda fayil ke dawowa ya zama bayanai. Mahaɗar nan ba a koyonta da tambayoyi ɗari masu layi biyar-biyar. Ana koyonta ne da manhaja ɗaya ƙarama, wadda ake ɗora mata hawa bisa hawa har tsawon makonni.

Za mu bi littafin bashin nan na mai shago daga tushe, da harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Python 3 ake nufi, domin an daina kula da Python 2 tun Janairun 2020, kuma duk darasin da ka ga yana rubuta `print` ba tare da baka ba tsohon yayi ne. Wanda bai da kwamfuta zai iya yin kusan duk abin da ke nan a wayar Android da Pydroid 3 ko Termux.

Takarda kafin kod

Aikin farko da biro ake yin sa. Rubuta abin da manhajar za ta yi da Hausa, jimloli biyar: a ƙara kwastoma, a rubuta masa bashi, a rubuta biyan da ya yi, a nuna abin da ya rage a kan kowa, a fitar da waɗanda bashinsu ya wuce kwana 30. Duk abin da ya faɗo maka a rai bayan wannan, ko aika saƙon tunatarwa ne ko hoton kaya, ka rubuta shi a bayan takardar ya jira lokacinsa.

Sai shawara mafi nauyi a duk aikin, wato siffar bayanai. Mai koyo yakan yi saurin ajiye suna da jimlar bashi kawai: Musa, 4,500. Idan Musa ya biya wani abu sai a rage. Ranar da aka yi kuskuren bugawa, ko Musa ya ce bai yarda da lissafin ba, babu abin da za a koma a duba. Shi kansa mai shago a littafinsa na takarda layi-layi yake rubutawa, kowane da ranarsa. Haka za a yi a nan. Kowace shigarwa ƙamus ce guda (`dict`, mai ajiye kowace ƙima ƙarƙashin mabuɗinta), dukansu kuma suna cikin jeri ɗaya (`list`):

```python
shigarwa = {
    "lamba": 7,
    "rana": "2024-03-15",
    "iri": "bashi",
    "kobo": 250000,
}
```

Kowane layi a nan yana da hujja. An yi amfani da lambar kwastoma maimakon sunansa, saboda suna ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yau a buga Ɗanladi, gobe Danladi, jibi dan ladi, kwamfuta kuwa mutum uku take gani. A Nijeriya ana rubuta 'y, a Nijar ana rubuta ƴ, ga kuma Musa biyu a layi ɗaya. Sunan kwastoma da lambar wayarsa sai su zauna a wani ƙamus na daban, lambar kwastoma ce mabuɗinsa. Lambar wayar ma rubutu ce, ba adadi ba: in ka mayar da 0803 adadi, sifilin farko ya tafi.

Ranar an fara ta da shekara, sai wata, sai rana, bisa tsarin ISO 8601. Amfaninsa shi ne ko a matsayin rubutu aka jera ranakun, za su fito bi da bi. Da a ce 15/03/2024 aka rubuta, 02/04/2024 ce za ta riga ta a jeri, alhali ita ce ta baya.

Kuɗi kuma a kobo aka ajiye shi, 250000 na nufin naira 2,500. Kwamfuta tana riƙe adadi mai ɗigo ne da lissafin sifili da ɗaya, kuma yawancin ɓangarorin goma ba sa zama daidai a cikinsa. Buga `0.1 + 0.2` ka gani, Python zai ba ka 0.30000000000000004. Buga `int(19.99 * 100)`, zai ba ka 1998 maimakon 1999. Kobo ɗaya ba komai ba ne a ido, amma shi zai sa wanda ya gama biya ya ci gaba da fitowa cikin masu bashi, domin ragowarsa ba ta zama sifili cif ba. Mai aiki da sefa ya huta da ninkawa da ɗari, sai dai shi ma cikakken adadi zai riƙa ajiyewa.

Raba lissafi da magana

Kuskuren da ya fi yawa a kod ɗin mai matsakaicin sani shi ne fankshin guda ya tambayi mutum, ya yi lissafi, ya buga amsa, ya kuma adana fayil. Irin wannan fankshin ba a iya gwada shi sai mutum ya zauna yana bugawa da hannu. Don haka a raba aikin gida uku: `lissafi.py` mai lissafi zalla, `ajiya.py` mai karanta fayil da rubuta shi, da `babba.py` mai magana da mutum. Doka ɗaya ce: a cikin `lissafi.py` babu `input`, babu `print`, babu `open`.

```python
def ragowa(shigarwoyi, lamba):
    jimla = 0
    for s in shigarwoyi:
        if s["lamba"] != lamba:
            continue
        if s["iri"] == "bashi":
            jimla += s["kobo"]
        elif s["iri"] == "biya":
            jimla -= s["kobo"]
        else:
            raise ValueError("baƙon iri: " + s["iri"])
    return jimla
```

Dubi yadda tubali biyar suka haɗu a layi goma sha biyu: jeri, ƙamus, zagaye, sharaɗi da fankshin. Dubi kuma reshen ƙarshe. Da `else` kawai aka sa a madadin `elif`, duk shigarwar da aka buga "Bashi" da babban baƙi za a ɗauke ta biya, bashin mutum ya ragu shiru ba wanda ya sani. Gara manhaja ta tsaya ta yi ƙara da ta ba da amsar ƙarya.

Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ a sunayen bariyabul, amma ya fi sauƙi a bar su ga rubutun da mutum zai karanta, domin ba kowane kibod ke da su ba. Tazara kuwa a tsaya kan gurbi huɗu kamar yadda ƙa'idar PEP 8 ta tanada.

Da zarar an rubuta `ragowa`, sai gwaji, tun kafin a taɓa menu ɗin `babba.py`. A buɗe fayil na huɗu a sa `assert`, umarnin da ke tsayar da manhaja in amsa ba ta zo yadda ake zato ba: jeri wofi ya ba da 0, bashin 300000 da biyan 100000 su ba da 200000, shigarwar kwastoma na 8 kada ta taɓa lissafin na 7, wanda ya biya fiye da bashinsa ya ba da adadi ƙasa da sifili. Wannan na ƙarshe tambaya ce ta kasuwanci da kod ya tono: shin shago yana riƙe wa mutum canji, ko manhaja ta ƙi karɓar biyan? Ka yanke shawara, ka rubuta ta a gwaji. Idan gwaje-gwajen suka kai goma, a koma `pytest`, wanda ke nemo su da kansa matuƙar sunan fayil da na fankshin sun fara da `test_`.

Ƙofar shigowa

Duk abin da `input` ya dawo da shi rubutu ne. Shi ya sa "500" da "200" ke haɗuwa su zama "500200". Mai koyo ya san da `int`, amma bai cika tunanin yadda mutane ke buga kuɗi ba: 1,500 da waƙafi, 2500.50 da ɗigo, gurbi a gaba ko a baya, wani ma ya danna shiga bai rubuta komai ba. `int("1,500")` faɗuwa yake yi. A rubuta fankshin guda, `naira_zuwa_kobo`, ya share gefuna da `strip`, ya cire waƙafi da `replace`, ya miƙa wa `Decimal`, mai riƙe adadi mai ɗigo daidai yadda aka rubuta shi, ya ninka da 100, sannan ya ƙi duk abin da bai wuce sifili ba ko wanda ya zo da lambobi uku bayan ɗigo. A `babba.py` sai a sa shi cikin zagayen `while`, a yi ta tambaya har a samu amsa mai kyau.

A nan ne `try` da `except` ke shigowa, a nan kuma ake ɓata su. Kada a rubuta `except:` tsirara. Yana haɗiye komai, har da kuskuren harafi a sunan bariyabul ɗinka, sai manhaja ta riƙa ce wa mai shago "kuɗin ba daidai ba" alhali laifin na kod ne. A ambaci sunan kuskuren da ake jira, kamar `ValueError` ko `InvalidOperation`, sauran a bar su su fito fili.

Fayil, baƙaƙen Hausa da ɗaukewar wuta

Wannan hawan ya cancanci mako guda shi kaɗai. JSON, wani tsarin ajiye bayanai a fayil ɗin rubutu, ya dace da jerin ƙamusoshi, kuma `json.dump` da `json.load` sun isa. Abu uku ke lalacewa.

Na farko, ranar da aka fara kunna manhajar babu fayil tukuna. A kama `FileNotFoundError` a dawo da jeri wofi.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye. A Windows da yawa, `open` in ba a gaya masa komai ba yana amfani da tsohon tsarin baƙaƙe na cp1252, wanda babu ƙ, ɗ ko ɓ a cikinsa. Ka yi ƙoƙarin rubuta Ƙasimu, manhaja ta faɗi da `UnicodeEncodeError`. Ka karanta fayil ɗin da aka rubuta a waya, ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Abin da ke ruɗa mutum shi ne kod ɗin yana aiki lafiya a Linux da Android, sai ya je kwamfutar wani ya watse. Maganin shi ne `encoding="utf-8"` a kowane `open`, ba togiya. A ƙara `ensure_ascii=False` a `json.dump`, in ba haka ba ƙ za ta zauna a fayil a matsayin \u0199. Manhaja za ta karanta daidai, amma ido ba zai gane sunan ba. In kuma za a fitar da rahoton CSV don buɗewa a Excel, `utf-8-sig` ake sawa tare da `newline=""`.

Jera sunaye ma yana da nasa. `sorted` lambar kowane baƙi yake bi: Z tana 90, Ƙ tana 408, saboda haka Ƙasimu zai faɗo bayan Zainab maimakon kusa da Kabiru. Gyaran atisaye ne mai daɗi: a rubuta baƙaƙen a jere cikin rubutu guda, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, a yi ƙaramin fankshin mai mayar da kowane suna jerin matsayin baƙaƙensa, a miƙa shi ga `sorted` ta hanyar `key`.

Na uku shi ne mafi haɗari. `open` da "w" yana share abin da ke cikin fayil nan take, kafin a rubuta ko baƙi ɗaya. In aka ɗauke wuta ko batir ya mutu a wannan tsakanin, ko ma kod ya faɗi a tsakiyar rubutu, bashin shago gaba ɗaya ya tafi. Hanyar tsira ita ce a rubuta a fayil na wucin gadi, a rufe shi, sannan a kira `os.replace` ya maye gurbin na asali a taki ɗaya. Ko tsohon ya rage cikakke, ko sabon ya zauna cikakke. Kada ka yarda da wannan da ka: sa `raise` da gangan a tsakiyar adanawa, ka kunna, ka je ka duba ko fayil ɗin asali na nan lafiya.

Bashin da ya wuce kwana 30

Jimla ta biyar a takardarmu ita ce jarrabawar gaskiya. Ɗauki kwastoma da ya ci bashin 3,000 ranar 1 ga Maris, ya ƙara 2,000 ranar 20 ga Maris, ya biya 3,500 ranar 25 ga Maris. Yau 10 ga Afrilu. Kod na gaggawa zai ga akwai ragowar 1,500, ya dubi ranar bashin farko, ya ƙirga kwana 40, ya sa mutumin cikin masu taurin bashi. An zalunce shi. In ana fara biyan tsohon bashi, 3,500 ɗin ta share na 1 ga Maris ta ci 500 daga na biyu, abin da ya rage na 20 ga Maris ne, kwanansa 21.

Kafin a rubuta, a yi shi da hannu a takarda, a lura da matakan da hannu ya bi. A tara duk biyan mutumin wuri ɗaya. A jera basussukansa daga tsoho zuwa sabo. A bi su ɗaya bayan ɗaya: in kuɗin da ke hannu ya kai bashin, a cire a wuce, in bai kai ba, wannan bashin ne mafi tsufa da bai mutu ba, ranarsa za a ƙirga. Ƙirgar kwana a bar wa `date.fromisoformat` da ragi tsakanin ranaku biyu, shi ya san Fabrairun 2024 kwana 29 ne.

Abu biyu za a kiyaye. Kada fankshin ɗin ya kira `date.today()` a cikinsa. A miƙa masa ranar yau daga waje, in ba haka ba gwajin da ya ci yau zai faɗi wata mai zuwa ba tare da an taɓa komai ba. Sannan a gwada bakin iyaka: kwana 29, 30 da 31. Bambancin `>` da `>=` a nan yake ɓoyewa.

A wannan hawan ne mutum ke cin karo da tarkunan jeri. `b = a` ba ya kwafe jeri, suna na biyu yake ba shi, don haka in fankshin ya rage adadi a cikin ƙamusoshin da aka miƙa masa, bayanan asali ya ɓata, kuma adanawa ta gaba za ta kai ɓarnar cikin fayil. Cire abu daga jeri ana tsakiyar zagaya shi yana sa a tsallake na gaba: cire 2 daga `[1, 2, 2, 3]` ta wannan hanya, za ka tarar ɗaya ya rage. Shi kuma `def f(jeri=[])` jeri ɗaya tak yake ƙirƙira, duk kiran da aka yi shi ake ta cikawa.

Bayan komai ya yi aiki, a ƙirƙiro bayanan gwaji da `random`: kwastoma 500, shigarwa 20,000. Rahoton da ke kiran `ragowa` ga kowane kwastoma zai taka shigarwa miliyan 10. A sake rubuta shi da zagaye ɗaya mai tara jimlar kowa a ƙamus, taki 20,000 ke nan. A auna duka biyun da `time.perf_counter`, a tabbatar amsarsu ɗaya. Wanda ya ga wannan bambanci da idonsa ya fahimci amfanin ƙamus fiye da wanda ya haddace ma'anarsa.

Yadda zaman atisaye zai kasance

Awa ɗaya sau huɗu ko biyar a mako ta fi wuni guda cur a ƙarshen mako, domin kod ɗin da aka bari kwana shida sai an sake koyonsa. Minti goma na farko a kunna gwaje-gwaje a karanta aikin jiya. A rubuta burin yau jimla ɗaya. A yi minti arba'in ana rubutu, ana kunnawa bayan kowane layi goma ko ƙasa da haka. Wanda ya rubuta layi ɗari kafin ya kunna, wuri ɗari zai nemi kuskure. Sauran lokacin a yi ƙoƙarin karya abin da aka gina, sannan a adana.

Adanawar da Git ake yi, manhajar ajiye tarihin canje-canjen kod wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Umarni huɗu sun isa a farko: `status`, `add`, `commit` da `diff`. Ba ya buƙatar intanet sai ranar da za a tura aiki GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod. Kafin wannan rana, a sa sunan fayil ɗin bayanai cikin `.gitignore`, jerin fayilolin da Git zai ƙyale. Sunayen mutane da lambobinsu da bashin da ke kansu amana ce, kuma abin da ya shiga tarihin Git yana nan ko an goge fayil daga baya.

In manhaja ta faɗi, saƙon kuskure daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe ya faɗi irin kuskuren, na samansa su nuna fayil da layin. A yi hasashe ɗaya, a buga ƙimar bariyabul ɗin da `repr` don a ga ko "7" ne ko 7, a canja abu ɗaya, a sake kunnawa. A ba kai minti ashirin zuwa talatin kafin a nemi taimako a intanet ko wurin manhajojin da ke rubuta kod. In an samo amsa, a buga ta da hannu, kuma duk layin da ba ka iya bayyana shi da Hausa ba kada ya shiga aikinka. Bayan kwana biyu a buɗe fayil wofi a sake rubuta fankshin ɗin ba tare da leƙe ba.

Hawa na ƙarshe shi ne a sauya JSON da rumbun bayanai na SQLite, wanda laburarensa `sqlite3` ke zuwa tare da Python. In rabon gida ukun nan ya tsaya da kyau, `ajiya.py` kaɗai za a taɓa, gwaje-gwajen lissafi kuma su ci gaba da ci yadda suke. In ka ga kana gyara `lissafi.py`, ka nemo inda aikin fayil ya kutsa cikinsa ka fitar da shi tukuna. Wajen rubuta umarnin SQL kuma, wato harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, kada a liƙa suna cikin rubutun umarni da `+`. Ranar da aka shigar da Sa'adatu ko Ja'afaru, alamar da ke tsakiyar sunan za ta rufe rubutun tun bai ƙare ba, umarnin ya karye, kuma ta wannan ƙofa ce masu kutse ke cusa nasu umarnin. A sa alamar `?` a gurbin kowace ƙima, a miƙa ƙimomin daban, sannan a ƙara sunayen nan biyu cikin gwaji.